Rabin Sakan da Ya Ƙi Cika: Yadda Aka Daidaita Gwajin Barcin Zaren Aiki a Python

A cikin dubban gwaje-gwajen da ke rakiyar CPython, wato ainihin manhajar da ke gudanar da harshen Python, akwai wani ɗan ƙarami mai suna `test_monotonic` a fayil ɗin `test_time.py`, wanda sashen da ya shafi barci a cikinsa bai wuce 'yan layuka ba. Yana karanta agogo, ya umarci zaren aikin da yake gudana a kai, wato jerin umarnin da injin ke bi ɗaya bayan ɗaya, da ya yi barcin rabin sakan ta hanyar `time.sleep(0.5)`, ya sake karanta agogo, sannan ya duba ko tazarar da ke tsakanin karatun biyu ta dace da abin da aka nema. Duk wanda ya kalle shi zai ɗauka babu ta inda zai faɗi, amma sai da masu kula da harshen suka yi ta sauya sharaɗinsa kafin ya zauna da gindinsa, kuma kowane sauyi ya fito da wani abu da aka ɗauka tabbas ne game da lokaci alhali ba haka yake ba.

Wurin da ake gudanar da gwajin shi ne mabuɗin fahimtar lamarin. Duk gyaran da aka shigar cikin CPython sai an gina shi an gwada a kan jerin injunan da tsarin Buildbot ke sarrafawa, waɗanda da yawansu na 'yan sa kai ne, kuma ba irinsu ɗaya ba: akwai masu Linux, da Windows, da macOS, da FreeBSD, akwai manyan injunan kamfanoni, akwai kuma ƙananan alluna irin Raspberry Pi. Wasu daga cikinsu suna gudanar da gwaje-gwaje da yawa a lokaci guda, wasu kuma an keɓe su ne don farautar yoyon ma'ajiya, wato gurbin da manhaja ta ɗauka ba ta mayar ba, inda ake maimaita kowane gwaji sau da dama a kan ginin da ya fi na yau da kullum nauyi. Idan gwaji ya faɗi, injin yakan nuna ja, kuma ana sa ran wanda ya shigar da gyara na ƙarshe ya tsaya ya bincika. Gwajin da ke faɗuwa yau ya tsallake gobe ba tare da an taɓa komai ba yana cin lokacin mutanen da ba su da laifi, kuma illarsa mafi muni ita ce yana koya wa kowa ɗabi'ar sake danna gwajin ba tare da karanta dalilin faɗuwarsa ba, har ranar da kuskuren gaske zai bi ta wannan ƙofa ya wuce.

Agogon da gwajin ke karantawa shi kansa sabon abu ne a lokacin. Kafin Python 3.3, wanda ya fito a watan Satumba na 2012, yawancin masu auna tsawon jira suna dogara ne da `time.time()`, wanda ke bayar da lokacin kwanan wata, kuma wannan agogo yana iya tsallakawa gaba ko ya koma baya a duk sa'ad da mai injin ya gyara shi da hannu ko tsarin NTP ya daidaita shi da agogunan intanet. Wanda ya auna barcin rabin sakan da irin wannan agogo yana iya samun sakan uku, yana iya ma samun adadin da bai kai sifili ba. A wannan shekarar ce kuma, daren 30 ga Yuni, ƙarin sakan ɗaya da aka yi wa agogon duniya ya tayar da wani kuskure a ƙwayar Linux, wato zuciyar babbar manhajar, inda jiran da zaruruwa ke yi ya riƙa ƙarewa kafin lokacinsa, manhajoji irin Java da MySQL suka cinye ƙarfin injuna suna juyawa a wuri ɗaya. Takardar shawara ta PEP 418, wadda Victor Stinner na cikin marubutanta, ita ce ta kawo `time.monotonic()`, agogon da ba ya ja da baya kuma gyaran kwanan wata bai shafe shi ba. Da wannan aka toshe kafa ɗaya, sauran kuwa suna nan a buɗe.

Sharaɗin gwajin a can baya shi ne tazarar ta kusanci 0.5, da sassaucin sakan 0.2 ta kowane ɓangare, wato daga 0.3 zuwa 0.7. Ta sama aka fara samun matsala. Umarnin barci ba ya nufin zaren zai ci gaba da aiki da zarar lokaci ya cika. Abin da yake nufi kawai shi ne babbar manhajar injin za ta cire shi daga layin masu jiran firosesa har lokacin ya wuce, sannan ta mayar da shi layin. Yaushe zai samu firosesa kuwa, wannan yana hannun mai rabon aiki na babbar manhaja, kuma a injin da ke tattara wata manhaja a gefe, ko wanda ma'ajiyarsa ta cika har yana kwashe bayanai zuwa faifai, ko injin kwaikwayo da ke raba firosesa ɗaya da wasu baƙi, jinkirin sakan 0.2 ba abin mamaki ba ne. Python yana da nasa ƙarin a kan wannan, domin zaren da ya yi barci yakan saki babban makullin mai fassara, wanda ake kira GIL, kuma idan ya farka sai ya sake karɓarsa kafin ya gudanar da layi na gaba. Idan wani zaren yana riƙe da shi yana lissafi, mai farkawa zai jira milisakan 5, wato tazarar sauyin da aka sanya tun Python 3.2, kafin a tilasta wa wancan ya saki. Bayanin `time.sleep` na hukuma ya fito fili a kan haka, domin ya ce dakatawar tana iya zarce abin da aka nema da kowane adadi saboda sauran ayyukan da ke cikin injin. Ke nan gwajin yana tuhumar umarnin da saɓa alkawarin da bai taɓa ɗauka ba.

Sai aka buɗa iyakar sama zuwa sakan 1.0, aka kuma ɗaure ta ƙasa a kan 0.5 cif, bisa tunanin da kowa zai amince da shi, cewa barci yana iya tsawaita amma ba zai gajarta ba. A nan ne Windows ta shigo, a daidai lokacin da ake shirin fitar da Python 3.4, kuma rahoton da ke ɗauke da lamba 20101 a rumbun kurakuran Python ya samo asali ne daga injunan da suka riƙa nuna cewa barcin rabin sakan ya ƙare da ɗan giɓi.

Wannan ɓangaren ya cancanci a tsaya a kansa, domin kurakurai biyu ne suka haɗu wuri ɗaya, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. A bisa al'ada Windows tana lura da wucewar lokaci ne ta bugun da agogon injin ke aiko mata kusan sau 64 a kowane sakan, wato duk bayan milisakan 15.6, kuma tsakanin bugu da bugu ba ta duba waɗanda lokacin tashinsu ya yi. Abin ya yi kama da mutumin da ya ce wa mai gadi ya tashe shi bayan awa ɗaya, alhali mai gadin ba shi da agogo sai ƙararrawar da ake kaɗawa duk bayan minti 15: idan mutumin ya kwanta minti biyar bayan an kaɗa, mai gadin da ya ƙirga kaɗawa huɗu zai tashe shi saura minti biyar awa ta cika, kuma a lissafinsa bai ci amanar kowa ba. Bayanin da Microsoft ya rubuta game da umarninsa na `Sleep` ya amince da irin wannan, cewa jiran da ya faɗa tsakanin bugu ɗaya da biyu yana iya ƙarewa a ko'ina a tsakaninsu. Wannan shi ne kuskure na farko, inda barcin da kansa yake gajarta.

Na biyun yana cikin ma'auni. A Windows, `time.monotonic()` na wancan zamani yana karanta `GetTickCount64`, wanda adadinsa ba ya motsi sai an yi bugu, don haka duk karatun da aka yi tsoho ne da wani abu tsakanin sifili da milisakan 15.6. Idan karatun farko ya zo jim kaɗan bayan bugu, na biyu kuma ya zo dab da bugu na gaba, tazarar da aka lissafa za ta gaza ta gaskiya da kusan bugu guda, ko da zaren ya cika barcinsa ba ragi. Lissafin ma a bayyane yake: bugu 32 na milisakan 15.6 sun kama milisakan 499.2, bugu 33 kuma sun kama 514.8, babu wani adadi a tsakani da agogon zai iya furtawa, saboda haka sharaɗin 0.5 cif yana neman amsar da ma'aunin ba shi da bakin faɗa. Wani abin da ya ƙara dagula binciken shi ne kowace manhaja tana iya roƙon Windows ta hanzarta bugun tashi zuwa milisakan 1 ta hanyar `timeBeginPeriod`, kamar yadda manhajojin sauti da bidiyo da wasu burauza ke yi, kuma kafin sigar 2004 ta Windows 10, wadda ta fito a 2020, wannan roƙo yana shafar duk manhajojin da ke injin. Injin guda yana iya nuna hali ɗaya da safe, ya nuna wani da yamma, gwargwadon abin da mai shi ya bari a buɗe.

Maganin da aka zaɓa shi ne saukar da iyakar ƙasa zuwa 0.45, tare da rubuta dalilin da lambar rahoton a gefen layin. Wani zai ce wannan rufa-rufa ce, an sassauta jarabawa ne don ɗalibi ya ci. A ganina ba haka ba ne, kuma abin da ya raba wannan da rufa-rufa shi ne sassaucin yana da asalin da za a iya nunawa: milisakan 50 sun ɗan zarce bugu uku, sun isa su ɗauke kuskuren tashi da kuskuren karatu da ɗan rarar zagaye adadi, amma ba su kai su ɓoye barcin da ya tsaya a rabin hanya ba. Tsawon barcin ma yana da muhimmanci a nan, domin da milisakan 20 aka nema maimakon 500, da giɓin bugu guda ya cinye kusan dukan abin da ake aunawa, gwajin kuma ya zama ba ya tabbatar da komai. Wannan tunani ya bazu zuwa wasu sassan, inda gwaje-gwajen `asyncio`, sashen Python da ke tafiyar da ayyukan jira da yawa a zare ɗaya, da na katsewar sigina, wato saƙon gaggawa da babbar manhaja ke isar wa manhaja, suka samu adadi mai suna `CLOCK_RES` da ake cirewa daga iyakar ƙasa, maimakon kowane marubuci ya ƙirƙiri nasa sassaucin a duk layin da ya ga dama.

Ba kowace farkawa da wuri ce laifin ma'auni ba, kuma nan ne ya kamata mai gyaran gwaji ya yi hattara da saurin sassautawa. A tsarin Unix, kafin Python 3.5, idan sigina ya iso wa manhaja tana cikin barci, barcin yana yankewa, kuma ba a komawa a cika ragowar. PEP 475, wadda Charles-François Natali da Victor Stinner suka rubuta, ta sauya wannan a sigar da ta fito a watan Satumba na 2015: tun farko ana lissafa wa'adin tashi da agogon da ba ya ja da baya, idan sigina ya katse jiran kuma mai karɓarsa bai tayar da kuskure ba, sai a lissafa abin da ya rage a koma barci. Daga nan ne kalmar "aƙalla" ta zama alkawarin da aka rubuta, kuma gwajin da aka gina a kansa yana aika siginar `SIGALRM` duk bayan sakan 0.1 a kan barcin sakan 0.2, don ya tabbatar katsewar ta faru da gaske, sannan ya duba iyakar ƙasa kawai.

Zagaye adadi ma ya taɓa zama kuskuren gaske. Mai rubuta Python yana bayar da lokaci da adadi mai ɗigo, amma `select` yana karɓar maikirosakan ne, `epoll_wait` na Linux da umarnan jira na Windows kuma milisakan, don haka dole a zagaye, kuma idan aka zagaye ƙasa jiran da bai kai milisakan guda ba yana komawa sifili. A farkon 2014 wannan ya sa madaukin `asyncio`, wato zagayen da ke duba ayyukan da wa'adinsu ya yi, yana farkawa kafin wa'adi da ɗan ƙanƙanin lokaci, ya tarar babu aikin da lokacinsa ya yi, ya sake jira na sifili, ya yi ta juyawa haka har wa'adin ya cika. An gyara shi ta zagaye lokacin jira sama da kuma la'akari da kaifin agogo wajen yanke hukuncin cewa wa'adi ya yi. Gwajin da aka rubuta masa, `test_timeout_rounding`, shi ne ya fi burge ni a duk wannan tarihi, domin bai auna lokaci ba ko kaɗan: yana ƙirga sau nawa madaukin ya zagaya a cikin 'yan gajerun barci, ya tabbatar bai wuce 20 ba. Injin da ke tafiyar hawainiya ba zai ƙara wannan adadi ba, saboda jinkiri yana rage farkawar banza ne.

Daga baya an cire iyakar sama ta `test_monotonic` gaba ɗaya, sharaɗin ya koma cewa tazarar ta kai 0.450 ko ta wuce.

Sai dai gwaje-gwajen da ke auna barci kai tsaye 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda ke amfani da barci don jiran wani abu, kuma a nan ne yawancin faɗuwar ba gaira ba dalili take. Salon sananne ne: a tayar da zare, a yi barcin sakan 0.1 da fatan ya kammala, sannan a duba sakamako. A injin mai sauri an yi asarar kusan dukan lokacin, a injin mai nauyi kuma zaren bai ma fara ba, kuma ƙara adadin zuwa sakan ɗaya ba ya yin komai sai rage yawan faɗuwar tare da tsawaita gwajin ga kowa. Hanyar da aka bi ita ce a jira aukuwar abin da kansa, ta `threading.Event` ko `join` ko layin saƙo, a kuma ba jiran wa'adi mai faɗi wanda ba a sa ran cimma sai idan wani abu ya maƙale. Python 3.9 ya tattara waɗannan wa'adodi a `test.support`, inda `SHORT_TIMEOUT` yake sakan 30, `LONG_TIMEOUT` kuma minti 5, kuma injin da aka san yana da nauyi ana iya ɗaga masa su daga wuri ɗaya. Wa'adin sakan 30 ba ya ƙara wa gwajin da ya yi nasara ko milisakan guda, tunda jiran yana ƙarewa da zarar abin ya auku. Inda babu alamar da za a jira, kamar fitowar fayil ko mutuwar wata manhaja, sai aka samar da `sleeping_retry`, wanda ke duba sharaɗin, ya yi barcin milisakan 10, ya riƙa ninka shi har zuwa sakan ɗaya, ya kuma ayyana faɗuwa idan wa'adin ya ƙare. Akwai wurin da har yanzu ɗan gajeren barci ya rage a gwaje-gwajen makullai, waɗanda ke hana zaruruwa biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda, lokacin da ake so a ba zaruruwa dama su isa ga makulli su tsaya, domin Python ba ya bayar da hanyar tambayar zare ko ya riga ya tsaya a can.

Ga manhajar da lissafin wa'adi ne aikinta, an fitar da agogon gaske daga gwajin baki ɗaya. `sched.scheduler`, mai tsara ayyuka bisa lokaci, yana karɓar umarnin karanta lokaci da umarnin jira daga wanda ya kira shi, don haka gwajinsa yana miƙa masa agogon jabu wanda ba ya motsi sai gwajin ya tura shi gaba, kuma `TestLoop` na `asyncio` yana yin irin wannan da `advance_time`. Da haka ana tabbatar da cewa aikin da aka tsara wa sakan biyar ya gudana bayan wanda aka tsara wa sakan uku, ba tare da an jira komai ba. Amma wannan dabara ba ta da amfani ga `time.sleep` kansa, tunda abin da ake gwadawa shi ne mu'amalarsa da agogon babbar manhaja.

Ɓangaren injin ma an ci gaba da gyara shi. Python 3.11, na watan Oktoba 2022, ya daina amfani da `select` don barci a Unix, ya koma `clock_nanosleep` inda yake samuwa, wanda ake ba wa'adin tashi kai tsaye a kan agogon da ba ya ja da baya, don haka katsewar sigina sau goma ba ta tara kuskuren zagaye sau goma. A Windows kuma ya koma amfani da agogon jira mai kaifi, wanda sababbin sigogin Windows 10 ke bayarwa. Python 3.13, na Oktoba 2024, ya sauya `time.monotonic()` a Windows daga `GetTickCount64` zuwa `QueryPerformanceCounter`, kaifin ya tashi daga milisakan 15.6 zuwa maikirosakan guda, wanda ya kawar da kuskuren ma'auni da ya haifar da rahoton 20101.

Cire iyakar sama yana da farashi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Agogon jira na Windows yana karɓar lokaci ne a ma'aunin nanosakan 100, kuma mai juya sakan zuwa wannan ma'auni yana iya ƙara sifili ɗaya bisa kuskure, barcin rabin sakan ya zama na sakan biyar, gwajin da ke duba iyakar ƙasa kaɗai kuma ya ce komai lafiya. Gwaje-gwajen makullai a `lock_tests.py` sun ɗauki wata hanya ta tsaka-tsaki da `assertTimeout`, wanda ke neman jiran ya kai kashi 60 cikin ɗari na abin da aka nema, kuma kada ya kai ninki goma. Iyakar ninki goma tana kama kuskuren juya ma'auni irin wanda aka ambata, amma ga jiran sakan 0.1 ta tsaya ne a sakan ɗaya, wanda injin da ke fama da cunkoso yana iya zarcewa, don haka ba ta kuɓuta daga tsohuwar matsalar ba, ta dai rage yawan aukuwarta. Ni na fi karkata ga a bar iyakar sama a gwaji ɗaya tak da aka keɓe wa kuskuren juya ma'auni, da barci mai ɗan tsawo da iyaka mai faɗi sosai, sauran gwaje-gwajen kuma su tsaya a kan iyakar ƙasa. Barcin da bai ƙare ba sam kuwa ba aikin kowane gwaji guda ba ne: mai gudanar da gwaje-gwajen, `regrtest`, yana da zaɓin `--timeout`, kuma idan fayil ya zarce wa'adinsa sai `faulthandler` ya buga layin da kowane zare yake tsaye a kai, sannan ya kashe manhajar, wanda ke ba mai bincike sunan fayil da lambar layin da jiran ya maƙale.